Katako, Roba ko Tutiya: Da Me Za Ka Yi Kwaikwayon Bindigar Mazan Jiya a Kumasi?

A gidaje da yawa na unguwannin Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi akwai wani tsohon hoto da ake adanawa a ƙasan akwati tare da takardun fili: saurayi cikin kaki, wando iya gwiwa, bindiga tsaye a gefen ƙafarsa. Wani kakansa ne, wani kakan babansa. Ba abin mamaki ba ne, domin aikin soja a ƙasar nan ta Ghana, wadda a da ake kira Gold Coast, da Hausawa ya fara tsayuwa da ƙafarsa. Kyaftin John Glover ya tara dakarunsa na Hausa a Legas a 1863, aka kawo su yaƙin Sagrenti, wato yaƙin Birtaniya da Asante na 1873 zuwa 1874, aka kafa Gold Coast Constabulary a 1879, ita ce kuma ta zama Gold Coast Regiment a 1901. Shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki, ko da sojan ba Bahaushe ba ne. Daga wannan runduna Alhaji Grunshi ya fito, wanda ake cewa shi ya fara sakin harsashi a ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin Agustan 1914. Na bayansu, a Yaƙin Duniya na Biyu, suka tafi Habasha, suka tafi Burma, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Myohaung, abin da ya sa har yau babban barikin Accra ke amsa sunan Burma Camp.

To, duk wanda ya gaji irin wannan hoto, ko lambar yabo guda biyu a cikin gwangwani, wata rana sai zuciyarsa ta raya masa ya rataye siffar bindigar nan a gefensu. Tambayar da ke biyo baya ita ce: da me za a yi ta? Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ko ka sayo ta a shirye daga waje, wadda aka zuba da tutiya. Ko ka sa a buga maka ita da roba a injin 3D, ko a zuba ta da ruwan roba mai daskarewa. Ko kuma ka sassaƙa ta da katako. Ni na fi karkata ga katako, ba na ɓoyewa, amma zan ba kowace haƙƙinta.

Tun kafin mu yi nisa, abin da nake nufi da kwaikwayo shi ne abin kallo kawai. Bututunsa a toshe yake tun daga tushe har baki, ba ramin da harsashi zai shiga, ba abin da ke motsi a ciki. Tsohuwar bindiga ta gaske kuwa, ko ta yi tsatsa ta daina aiki, maganarta ta lasisi ce da ofishin 'yan sanda, ba ta cikin wannan zancen.

Irin bindigar da ka zaɓa ita ke nuna maka kayan da za ka yi aiki da su, don haka da ita za a fara. Ka ware safiya guda ka shiga gidan tarihin sojoji da ke cikin tsohon sansanin Turawa na Kumasi, can Adum. Turawa sun gina shi bayan sun shigo garin a 1896, a cikinsa kuma mayaƙan Yaa Asantewaa, basarakiyar da ta jagoranci Asante, suka tsare Gwamna Hodgson da dakarunsa a 1900. A farkon shekarun 1950 aka mayar da shi gidan tarihi. Akwai makaman yaƙe-yaƙen Asante, akwai na yaƙin duniya biyu, har da waɗanda aka ƙwato daga abokan gaba. Ka nemi izinin mai zagayawa da baƙi kafin ka ɗauki hoto, ka kuma tsaya ka dubi kaurin kowace bindiga ta sama da ta gaba. Hoton intanet gefe ɗaya yake nuna maka. Kauri sai ido ya gani.

Bindigar toka, wadda Turawan bakin teku suka riƙa kawowa, ita ce ta mayaƙan Asante, ita ce kuma har gobe ake bugawa a jana'izar manya da bukukuwan sarauta. Doguwa ce, takan kai mita ɗaya da rabi ko fiye, siririya. Sassaƙa gindinta ba wuya. Wahalar tana wurin ƙyastun gefe, inda kunama ke riƙe dutsen ƙanƙara, da kuma samun doguwar sanda miƙaƙƙiya da ba za ta lanƙwashe ba bayan damina ɗaya. Martini-Henry, wadda Birtaniya ta karɓa a 1871, ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba: tsawonta kusan santimita 124, harsashi ɗaya take ci, cikinta shafaffe ne gefe da gefe, sai mariƙi guda a ƙasa. Ita da Snider da ta gabace ta su ne bindigogin zamanin dakarun Hausa na ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai a nan ina da wata magana. Waɗannan dakaru a gefen Bature suka yi yaƙi, da mutanen da muke zaune a garinsu yau, muke auratayya da su, muke cin kasuwa ɗaya a Kejetia. Wanda zai rataye Martini a falonsa, ina ganin ya fi kyau ya rataye bindigar toka kusa da ita, domin tarihin ya fito da fuskarsa biyu.

Amma mafi yawanmu hoton Yaƙin Duniya na Biyu ne a hannunmu, kuma a nan Lee-Enfield ce sarauniya. Iri biyu ne ake yawan rikitawa. Akwai SMLE Mk III ta 1907, akwai No. 4 ta 1941. Tsawonsu kusan ɗaya, santimita 113, nauyinsu wajen kilo 4, gidan harsashinsu na cin 10. A Burma an riƙe duka biyun, saboda haka hoton kakanka ne zai raba gardama. Dubi bakin bindigar. In katako ya rufe bututun har ƙarshe, aka ɗaura masa hular ƙarfe mai dakusasshen hanci da kunnuwa biyu a tsaye suna kare saitin gaba, SMLE ce. In bututun ya leƙo waje kamar tsawon yatsa, No. 4 ce. Saitin baya na SMLE yana kan bututu, gaban gidan harsashi. Na No. 4 kuwa yana can baya kusa da idon mai harbi, ɗan rami ne ake leƙawa ta ciki. Banatinsu ma daban: na SMLE doguwar wuƙa ce mai ruwa santimita 43, na No. 4 galibi tsinke ne kawai.

Ga mai sassaƙa, SMLE kyauta ce. Kusan duk abin da ido ke gani a jikinta katako ne tun asali. Ƙarfen da ke waje kaɗan ne: hular baki, zoben tsakiya, saiti, gidan sakata da ita kanta sakatar, gidan harsashi, zoben kunama, sai farantin tagulla na gindi. Bututun da ya fi ba da tsoro a idon hukuma ba ya ma fitowa. Su Sten da Bren kuwa, duk da an riƙe su a wannan yaƙi, ban ba ka shawarar su ba. Sten bututun ƙarfe ce zalla, daga nesa ba ta da maraba da abin da ɗan fashi ke riƙewa.

Yanzu ga kayan aikin.

Ta tutiya ita ce mai ɗaukar ido da farko. Kamfanoni a Turai suna yin su, wanda aka fi sani shi ne Denix na tsibirin Menorca a Sifen, kuma SMLE na cikin abin da suke yi. Ƙarfen da ake zuba su da shi haɗin tutiya ne da alminiyam da ɗan jan ƙarfe, yana narkewa a ƙasa da digiri 400, ba zai iya jure ƙarfin albarushi ba, shi ya sa aka zaɓe shi. Amfaninta a fili yake. Tana da sanyin ƙarfe a hannu, tana da nauyi, sakata na ja, kunama na ƙarawa, ba ka sha wahalar awo ba. Masu shirya fim da wasan kwaikwayo don haka suke son ta.

Sai dai duk abin da ya sa ta burge a Turai shi ne ke mayar da ita matsala a nan. Kamfanonin aika kaya da yawa ba sa karɓar abin da ya yi kama da makami. In ta iso tashar Tema ko filin jirgin saman Accra, na'urar kwastan siffar bindiga za ta nuna, da ƙarfe a ciki, kuma shigo da makami ƙasar nan sai da takardar Ma'aikatar Cikin Gida. Kai ne za ka yi ta zarya kana bayanin cewa ba ta harbi, kayanka na tsare, kuɗin ajiya na hawa. Duk mai niyyar bin wannan hanya, ya fara rubuta wa ma'aikatar da 'yan sanda, ya karɓi amsa a rubuce kafin ya tura ko sidi ɗaya. Ga farashi da kuɗin Turai, ga kuɗin jirgi, ga haraji. Bayan haka kuma tutiya gautsi gare ta. In ta faɗi daga bango hannun sakata ya karye, mai walda a Suame, unguwar kanikawa da maƙeran Kumasi, ba zai haɗa maka ita yadda yake haɗa baƙin ƙarfe ba, narkewa za ta yi a hannunsa. A ɗaki mai laima tana fitar da wani farin gari a jikinta. Irin waɗannan kuma sau da yawa katakonsu yakan zo da sheƙin banish, fes, ba alamar ya taɓa ganin rana. Wanda ya san bindigar gaske, da kallo ɗaya zai gane. Wato za ka biya mafi tsada, ka ɗauki mafi girman kasada, sannan ka dawo ka kankare katakon ka sake masa mai. Ban ga ribar ba, sai ga gidan tarihi ko kamfanin fim da ke da takardunsa.

Roba ita ce sabuwar hanya, kuma samari sun fi saurin kama ta. A kewayen KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ba za ka rasa mai injin 3D da zai buga maka abu in ka kawo masa zanen ba. Inda roba ta yi zarra shi ne ƙananan sassa masu lunguna: kunnuwan saiti, matakalar saitin baya mai lambobi, kan sakata, ƙyastun bindigar toka. Abin da zai ci wa masassaƙi kwana da kwanaki yana ƙwaƙula da wuƙa, inji zai fitar da shi dare ɗaya, daidai da awo, in ya lalace a sake buga wani.

Matsalar tana tasowa ne in aka ce bindigar gaba ɗaya za a buga. Yawancin injinan gida faɗin farantinsu bai wuce santimita 22 ba, ke nan bindiga mai santimita 113 sai an yanka ta gida shida ko fiye, a manne da gam. Kowane mahaɗi wuri ne na rauni, kowane kuma sai an cike shi an goge. Inji yana barin layi-layi a jiki, sai ka bi da sanfefa da fentin share fage sau da yawa kafin su ɓace. Ga zafi. Robar PLA, wadda aka fi bugawa da ita don arha, tana fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar ta cikin motar da aka rufe a rana tsakar Maris, ko ka rataye ta daf da rufin kwano mara silin, za ka tarar ta sunkuya kamar kyandir. Wata robar mai suna PETG ta fi ta juriya, sai wajen digiri 80, ita ya kamata ka nema ko da ta fi tsada. Ruwan roba da ake zubawa a mazubin silikon kuwa yana fitar da abu sumul, amma sai kana da asalin abin da za ka kwafa, kuma irin na foliyuretan ba ya shiri da laima: a damunar Kumasi yakan yi kumfa ya bar ƙananan ramuka. Babban abin da ya kashe mini gwiwa da roba dai shi ne gindin bindiga. Komai gwanintar mai fenti, zanen jijiyar itace a kan roba fenti ne. Daga ƙofar ɗaki zai wuce, amma baƙo na matsowa ya ɗora hannu, magana ta ƙare.

Wani abu kuma: ka tabbatar zanen da za ka sauko da shi na abin ado ne, cikinsa a cike, ba na sassan da ke aiki ba. Kada ka jefa yaron da ke da injin cikin abin da bai sani ba.

Katako kuwa, a Kumasi muke. Garin da ke da kasuwar katako ta Sokoban, da masassaƙan Ahwiaa waɗanda suka gaji sassaƙa kujerun sarauta, da masu zubin tagulla na Krofofrom, bai kamata ɗansa ya nemi gindin bindiga daga Turai ba. Asalin Lee-Enfield da katakon gyaɗar Turawa ake yin ta, wanda suke kira walnat, daga baya da yaƙi ya tsananta aka koma wasu itatuwa masu arha. Muna da abin da ya yi kusa da shi ƙwarai. Mansoniya, wanda masu katako ke kira oprono, launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, jijiyarsa a miƙe, har a Turai an daɗe ana amfani da shi a madadin walnat. In ka same shi busasshe, kada ka tsaya neman wani. Abu ɗaya: ƙurarsa mugu ce, tana sa atishawa, haɓo da ƙaiƙayin fata, wani har jiri. A waje ake goge shi, da takunkumi a hanci, ba a tsakar gidan da yara ke wasa ba.

Odum yana da ƙarfi, gara ba ta cinsa, nauyinsa ya yi daidai, amma launinsa na farawa da rawaya-rawaya kafin ya yi duhu, kuma yana dakusa kaifin kayan aiki. Sapele da mahogani suna da daɗin sassaƙa, sai dai ja ya yi musu yawa, sapele kuma na da wasu ratsi masu walƙiya da suka fi dacewa da ƙofar falo. Ana iya kashe jan da rini mai duhu. Katakon wawa shi ne mafi arha da taushi, nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na odum ba, farce ma na shiga jikinsa, ƙwaro kuma na son sa. Kada ka yi bindigar da za ka ajiye da shi. Amma ka yi gwajin farko da shi, domin hannu ya koyi inda gindi ke kumbura da inda wuya ke tsukewa kafin ka taɓa katako mai tsada.

Awo shi ne rabin aikin. Ka sami hoton bindigar da aka ɗauka daidai gefe, ka kai wa masu buga fosta a Adum su buga maka shi har tsawonsa ya zama santimita 113 cif, ka auna da tef kafin ka biya. Wannan takardar za a manna a kan katako mai kaurin inci 2, a yanke da zarto, sannan a shiga zagaye gefuna da magagari. Wani dattijon kafinta da na kai wa aiki, da na fara yi masa bayanin yadda bindigar take da baki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, kawo mini awo, labarin ka bari sai mun zauna shan shayi." Na ce, "To, Masta." Gaskiyarsa ce. Masassaƙinmu gwani ne, amma idonsa ya saba da ƙawata abu: zai so ya ƙara wa gindi lanƙwasa, ya sa masa sheƙi. Aikinka ne ka tsaya a kan takardar.

Ga wani abu da ke raba aikin wanda ya duba da na wanda ya kintata. SMLE ba itace guda ba ce. Katako huɗu ne: gindi, dogon na ƙasa, da marufi biyu a sama. Tsakanin gindi da na ƙasan akwai zoben ƙarfe mai faɗi, daidai bayan kunama, shi ya raba bindigar biyu. Ko ka yi su daban-daban ka haɗa, ko ka yi ta guda ka tsaga layin mahaɗan da bakin zarto siriri. In aka yi su daban ya fi kyau, domin jijiyar kowane katako za ta bi hanyarta, launinsu ma ya ɗan saɓa, kuma haka na gasken suke, tunda a bariki ana canza wanda ya fashe da wani. A baki kuma ɗan rami ya isa, faɗin milimita 8, zurfin da bai wuce kan yatsa ba, a shafa masa baƙi. Bayansa itace ne har gindi.

Ban ce katako ba shi da aibu ba. Yana cin lokaci, kuma ƙananan sassa da aka sassaƙa da shi sukan fito da kauri, su kuma karye ta bin jijiya. Shi ya sa abin da na fi yarda da shi haɗin gambiza ne: jiki duka katako, saiti da hular baki da kan sakata a buga su da PETG, gidan harsashi guntun katako ne a shafe shi sumul a manne, farantin gindi kuma a kai Krofofrom a zuba shi da tagulla. Wannan farantin kada ka yi masa rowa. A na gaske yana da 'yar ƙofa zagayayya inda soja ke ɓoye kwalbar mai da igiyar goge bututu, ya isa a zana da'irarta a kan kakin zuman da masu zubi ke fara yin siffar da shi. Tagulla ta gaske a gindi da maratayin kaki mai bakin tagulla, wanda kowane mai ɗinkin jaka zai yi maka, su biyun nan suna ɗaga aikin fiye da duk wata sakata mai motsi.

Wurin gamawa ne mutane suka fi ɓata aikinsu. Banish haramun ne a nan. Bindigar soja man linsid take sha. Ka shafa shi da tafin hannu, siriri, ka bari ya shiga kamar rabin awa, ka goge ragowar tas, ka bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, ka sake. Bayan shafawa biyar ko shida katakon zai yi wani duhu mai zurfi, ba ya walƙiya amma yana da rai. Tsumman da ka goge man da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwali, yana iya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi a ruwa. Sassan da ke matsayin ƙarfe kuwa, baƙin fenti mara sheƙi za ka fesa, ya bushe sarai. Sannan ka goga bakin fensir a kan sanfefa har ya tara gari, ka dangwala da yatsa, ka murza a gefuna da kusurwoyi: bakin gidan harsashi, ƙwallon hannun sakata, saman kunnuwan saiti. Nan take wurin zai ɗauki wani ƙyalli mai toka-toka, irin na ƙarfen da hannu ya daɗe yana taɓawa. Iya inda hannu da kafaɗa ke gogawa za ka yi wa haka. Masu dukan katako da sarƙa don ya tsufa suna wuce gona da iri. Sojan da saje ke duba bindigarsa kowace safiya bai isa ya bar ta ta koma haka ba.

A na gaske, gefen dama na zoben nan mai faɗi akwai tambarin kambi, sunan masana'anta da shekara. Kana iya zana kambin da shekarar don kyan gani, amma kada ka buga mata lambar siriyal ko hatimin gwaji. Maimakon haka, a ƙasan gindi ka ƙona rubutu da ƙarfe mai zafi: kwaikwayo ce, ba ta harbi, ga shekarar da aka yi ta. Da Hausa da Turanci.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi komai nauyi a raina. Dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, kuma Hukumar Kula da Ƙananan Makamai da aka kafa a 2007 ta daɗe tana sa ido kan bindigogin da maƙera ke yi a ɓoye. Don haka kada ka kai wa maƙeri ko mai walda a Suame fayif ka ce ya yi maka bututu, ko da wasa. Kai ka san ado kake nufi, amma wanda ya shigo shagon ya ga fayif a jikin gindin bindiga ba zai tsaya jin niyyarka ba, kuma mai shagon ne zai fara kwana a ofishin 'yan sanda, da iyalinsa a gida. Babu kuma ɗan Zangon Kumasi da ya manta 2018, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Asawase a yankin Manso Nkwanta bisa zargin fashi, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ne ba. Mu ba mutanen da za su yi sakaci da siffar bindiga ba ne. A ma'aunin nan ma katako ya fi: ɗan sanda na ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa baki ya ga itace, ya san abin da ke hannunsa. Ta tutiya sai an kai ta ofis an bincika.

Saboda haka ka ɗauki hoton kowane mataki na aikin ka ajiye a waya. Daga shagon kafinta zuwa gida a warwatse za ka ɗauko ta, ba a haɗe ba, ba kuma da dare ba. Kafin ka rataye, ka je ofishin 'yan sandan unguwarku da hotunan ka yi bayani, ka sanar da mai gidan da kake haya da mai unguwa. A gida kuma a ɗaure ta a jikin allo da noti ta baya, yadda ba mai cire ta sai da sukundireba, in da hali a sa gilashi. Kada ta fuskanci taga. Kada a ba yaro ya fita da ita ranar Sallah, kada a ara wa aboki don ɗaukar hoton Facebook ko TikTok.

Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai mutane da yawa, akwai hanyar da ta fi masa duk waɗannan: ya yi ta rabin girma. SMLE mai santimita 56 tana nuna komai, hular baki, zobe, farantin tagulla, ba kuma wanda zai gan ta gabansa ya faɗi. Guntun katakon da Sokoban ke zubarwa ya ishe ta, a wannan girman kuma ƙananan sassan roba sun fi fitowa da kyau. Ko kuma a tsaga cikakkiyar gida biyu ta tsawo, a manna rabin a kan allo, bayanta a shafe. Daga gaba bindiga ce sak, amma ba ta ɗaukuwa balle a nuna wa wani.

Kowace ka zaɓa cikin na katakon, kada ka yarda da "ya bushe" daga bakin mai sayarwa. Itacen da aka sassaƙa da ɗanyensa, hunturu na zuwa zai tsage, galibi a wuya, inda ya fi siranta. Ka sayi katakonka wajen Nuwamba, ka shafa wa bakinsa biyu fenti ko kakin zuma don kada ya fashe ta ƙarshe, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, da 'yan sanduna a ƙarƙashi kada ya taɓa siminti. Ka bar shi ya sha hunturun nan gaba ɗaya. In Maris ya zo bai murɗe ba, bai tsage ba, sai ka manna takardarka ka kira Masta.